Nagge Daɗi Goma: Saniya a Tarihinmu, Daga Jangalin Kutumbi Zuwa Watandar Unguwa

Duk shekara, idan azumi ya kai ashirin da biyar, akwai wani littafi da ake fito da shi a layinmu da ke Unguwar Sanusi. Tsohon littafin makaranta ne, bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi. Wani dattijo tela ne ke riƙe da shi. A ciki akwai sunayen magidanta da abin da kowa ya zuba tun watan Rajab. Littafin watanda ke nan.

Ranar jajiberin Sallah mutum uku ko huɗu za su yi sammako zuwa kasuwar Zango da ke Tudun Wada, su sha ciniki, su dawo da sa. A yanka, a feɗe, a shimfiɗa buhuna, a kasa nama kashi-kashi. Kowane kashi sai ya samu tsoka da ƙashi da hanta da tumbi da ɗan kitse. Sannan a kira yaro ƙarami a juya masa baya. A nuna kashi a ce, "Na wa?" shi kuma ya ambaci suna. Ba wanda zai ce an yi masa son kai.

Bara, muna tsaye ana kasafi, na ji dattijon nan yana ƙorafi cewa san da mutum ashirin ke saya a da, yanzu sai an haɗa arba'in. Sai ya ƙara da wata magana wadda ta tsaya mini a rai. Ya ce, "Ɗana, a gidanmu da ba ma sayen sa. Namu ake koro mana daga ruga." Mahaifinsa ɗan kasuwa ne a birni, bai taɓa riƙe sandar kiwo ba, amma yana da shanu goma sha a hannun wani Bafillace shekara da shekaru. Ba takarda, ba shaida. Na tambaye shi ina shanun suke yanzu. Ya yi shiru, ya ci gaba da duba littafinsa.

Wannan shirun ne ya sa na koma bin tarihin saniya a ƙasar nan. Abin da na fahimta shi ne, a wurin kakanninmu saniya ta wuce nama da nono. Igiya ce da ta ɗaure ɗan birni da mutumin daji, manomi da makiyayi, sarki da talaka, Kano da Ikko. Wanda yake son ya gane rikicin da muke ciki yau, sai ya fara sanin yadda aka tufka igiyar nan da kuma inda ta tsinke.

Dukiya mai tafiya da ƙafarta

A Fulatanci kalmar "jawdi" tana nufin dukiya, tana kuma nufin dabbobin kiwo. Mu ma a Hausa idan makiyayi ya ce "dukiyata ta tafi mashaya", kowa ya san shanu yake nufi. Ba mu kaɗai ba ne. Rumawan da, kalmarsu ta kuɗi daga kalmar dabbobin kiwo ta fito. Dalilin a fili yake. Kafin banki, mutum na bukatar abin da zai ajiye guminsa a ciki, wanda ba ya ruɓewa kamar hatsi, gara ba ta ci, kuma yana haihuwa. Saniya ta cika waɗannan sharuɗɗa, ta ƙara da wani: idan gari ya yi zafi, da ƙafarta take gudu tare da mai ita.

Hausawa sun yi mata kirari da nagge daɗi goma, kuma idan aka ƙirga za a ga goman ma ta yi kaɗan. Akwai nono da kindirmo da man shanu. Akwai tsire da balangu da kilishi da dambun nama, da ganda da kakiɗe. Fatarta ta dukawa ce, su yi takalmi da igiya da garkuwa. Ƙahonta na wanzami ne. Kashinta taki ne. Takarkari kuwa shi ne motar fatake kafin mota. Sana'o'i nawa ne suka rayu a jikin dabba ɗaya? Makiyayi, dillali, mahauci, majemi, baduku, mai fura, makaɗin kalangu da ke bin mahauta, har da ɗan wasan hawan ƙaho.

A ruga kuwa, rayuwar mutum daga haihuwa zuwa mutuwa da saniya ake auna ta. Ranar suna ana nuna wa jariri karsanarsa, ta girma tare da shi, 'ya'yanta su zama tushen garkensa. Sadaki da shanu ake biya. Nono hakkin mata ne, kuɗin da ya fito daga ƙwarya na uwar ɗaki ne. Woɗaaɓe na Nijar da Borno suna da wata al'ada da suke kira haɓɓanaye: wanda ya rasa garkensa, ɗan'uwa ko aboki ya ba shi aron karsana, ta haihu a hannunsa har sau uku, ya riƙe maruƙan ya mayar da uwar. Ana ji da saniyar aro fiye da ta gida, don mutuncin mutum biyu ne ke rataye a wuyanta. Musulunci ma ya sa wa wannan dukiya ƙa'ida: shanu 30 zakkarsu ɗan maraƙi, 40 kuma saniya matashiya.

Wani madubi daga nesa

Domin mu ga kanmu da kyau, bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa. A arewa maso gabashin Indiya, cikin jihar Arunachal Pradesh, akwai wani kwari da ake kira Ziro. Mutanen wurin su ne Apatani, gwanayen noman shinkafa waɗanda ba su bar ko taku ɗaya na kwarinsu ba tare da shuka ba. Suna da wata dabba dangin saniya mai suna mitun, ƙaƙƙarfa, mai fararen ƙafafu. Ba sa tatsar ta, ba sa ɗaura mata garma. A daji take yawo, mai ita yana bin ta da gishiri lokaci-lokaci don kada ta manta shi.

To mene ne amfaninta? Wani masani, Christoph von Fürer-Haimendorf, wanda ya zauna da su a 1944 da 1945, ya tarar cewa da mitun ake auna arzikin mutum. Da ita ake sayen gona, da ita ake biyan tara da fansar wanda aka kama, ita ake yankawa a manyan bukukuwa a rarraba naman gida-gida. Idan manya biyu suka yi rikici, wani lokaci sai ɗaya ya je ƙofar ɗayan ya yanka mitun ɗinsa, shi kuma dole ya rama da irin haka ko fiye, har sai dattawa sun shiga tsakani. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, saboda kwarinsu ya cika da gonaki, da yawa daga cikinsu sukan ba maƙwabtansu na kan duwatsu, irin su Nyishi, riƙon dabbobin, mai riƙo ya samu rabonsa a cikin 'ya'yan da aka haifa. Haka kuma suna ba maƙwabtan shinkafa su karɓi dabba.

Mai karatu zai ga mahaifin telan layinmu a cikin wannan labari. Manomi mai hatsi, maƙwabci mai daji, dabba a tsakani a matsayin amana. Mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba sun gano dabara iri ɗaya, domin bukatar iri ɗaya ce.

Ranar da sarki ya fara ƙirga shanu

Littafin Tarihin Kano ya ambaci zuwan Fulani daga Mali a zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463. Waɗancan da littattafai aka tuna da su. Amma a bayan malamai akwai makiyaya, kuma ƙasar Hausa ta dace da su: ga fili, ga kasuwanni, ga manoma masu gero da ke son nono da taki.

Bayan kusan shekara 170, garkunan sun yi yawan da fada ta sa musu ido. Littafin ya ce Sarki Kutumbi (1623 zuwa 1648) shi ne Sarkin Kano na farko da ya karɓi jangali. Har adadi ya kawo: shanu 100 daga Jahunawa, 70 daga Ba'awa, 50 daga Danejawa, da sauransu. Ana kuma danganta sarautar Sarkin Shanu da zamaninsa. Daga nan saniya ta shiga siyasa, kuma ba ta sake fita ba.

Jangali yana da fuska biyu tun farkonsa. A fuska ɗaya kuɗin ciyawa ne da kariya: ka biya sarki, sarki ya san da zamanka, ya hana a taɓa ka. A ɗaya fuskar kuma ƙwace ne, domin mai karɓa shi ke ƙirga, kuma yakan zaɓi wadda ta fi ƙiba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a littafinsa Kitabul Farƙ ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Babu shakka wannan ƙorafi yana cikin abubuwan da suka sa Fulanin daji da yawa suka amsa kiran jihadin 1804, ko da ba su kai malamai sanin littafi ba. Daular da aka kafa ta so ta maye gurbinsa da zakka, ta kuma ƙarfafa wa makiyaya gwiwa su zauna kusa da ribaɗoɗi. Sai dai baitulmali ba ya mantuwa da hanyar da kuɗi ya taɓa shigowa. Kafin ƙarni ya ƙare, sunan jangali ya dawo a masarautu da dama.

Shekarar Sannu

Babbar musibar da ta taɓa faɗa wa saniya a Afirka ta shigo ne ta bakin Bahar Maliya. A 1887 sojojin Italiya suka shigo da shanu ta tashar Massawa a Eritiriya, ɗauke da cutar da muke kira bushiya. Ta bi Habasha da Sudan, wajen 1890 zuwa 1891 ta iso yankin Tafkin Chadi da ƙasar Hausa. Wani Bafaranshe mai suna Monteil da ya ratsa Sakkwato da Kano a 1891 ya ba da labarin ɓarnar da ya gani a hanyarsa. A wurare da yawa, cikin shanu goma da ƙyar ɗaya ko biyu suka tsira.

Fulani sun sa wa wannan annoba suna Sannu, wato gaisuwar da ake yi wa wanda aka yi wa rashi. Ka yi tunanin mutumin da ya kwana da shanu ɗari, bayan mako biyu ba shi da ko ta tatsa. Abincinsa, sadakin ɗansa, gadon 'ya'yansa, sunansa a cikin dangi, duk sun tafi a lokaci ɗaya. Wasu sun zauna sun kama fartanya, zuriyarsu na nan har yau a ƙauyukanmu, Fulani a suna, Hausawa a baki. Wasu sun zama 'yan kiwon haya. Waɗanda suka farfaɗo kuwa, al'adar aro da taimakon dangi ce ta tashe su, karsana ɗaya bayan ɗaya.

Annobar ta zo shekaru kaɗan kafin Turawa. Lugga da kansa, game da abin da ya gani a Gabashin Afirka, ya rubuta cewa mutuwar shanu ta karya ƙarfin ƙabilu makiyaya ta kuma sauƙaƙa wa Ingila shiga ƙasarsu. A 1903 shi ne ya ci Kano da Sakkwato.

Sule da sisi, allura da jirgi

Turawa sun soke abubuwa da yawa, amma ba su soke jangali ba. Gyara masa zama suka yi. Suka mayar da shi kuɗi a kan kowace saniya, sule ɗaya da sisi, daga baya sule biyu. Da damina ake karɓa, lokacin da garkuna suka dawo mazauninsu. Ardo ya tara, hakimi ya ƙirga, Di'o ya duba, a raba tsakanin gwamnati da baitulmalin En'e. Bayan haraji, jangali na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin En'e a Arewa. Ke nan a cikin tubalin makarantun Midil, da asibitocin En'e, da albashin alƙalai da dogarai, akwai gumin saniya.

Makiyaya kuma suka ƙware wajen ɓoyo. Ana jin malaman jangali sun taso, sai a raba garke, rabi ya shige kurmi, ko a tsallaka iyaka zuwa ƙasar Faransa, ko a koma wata masarauta mai sassauci. Wannan guje-guje, tare da zaman lafiyar hanyoyi, na cikin abin da ya kai Fulani tsaunukan Jos da kudancin Zazzau a farkon ƙarni na 20.

Tun da saniya ta zama hanyar kuɗi, dole gwamnati ta kula da lafiyarta. A 1924 aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom, inda aka riƙa haɗa maganin rigakafin bushiya. A 1928 aka buɗe gonar dabbobi a Shika kusa da Zariya, wadda daga baya ta zama cibiyar binciken kiwo ta ƙasa ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A wajen wannan lokaci aka fara koya wa manoma huɗa da garmar shanu, abin da ya sa Bahaushe manomi ya fara ɗaure bijimai biyu a gidansa. A nan Kaduna kuma aka kafa cibiyar binciken ƙudan tsando da cutar sammore ta Afirka ta Yamma. Bushiya ta sake dawowa sau da dama, har da mummunar ɓarnar 1983 wadda dattawan ruga ke tunawa, kafin a sanar da kawar da ita daga duniya baki ɗaya a 2011.

Garin Kaduna shi kansa ɗan jirgin ƙasa ne. Layin dogo ya isa Kano a 1911, aka gama gadar Jebba a 1916, hedikwatar Arewa ta taso daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Da layin gabas daga Fatakwal ya iso a shekarun 1920, sai Kaduna ta zama mahaɗar hanyoyi biyu na zuwa teku. Gari ne na sojoji da ma'aikata da leburori, daga baya kuma na ma'aikatan masaƙun Kakuri, mutanen da ke karɓar albashi su sayi nama. Inda aka samu irin waɗannan, mahauta da dillalai ba sa nisa. Sunaye irin su Zango da Unguwar Shanu sun isa su tuna mana cewa garin gwamna ma da saniya ya tashi.

Daga Kano zuwa Ikko a ƙafa

Kudancin Nijeriya na son nama, amma ƙudan tsando ba ya barin shanunmu masu tozo su daɗe a can. Bunaji fari, Rahaji ja mai dogon ƙaho, Bokoloji na Sakkwato, duk 'yan sarari ne. Wannan bambanci na ƙasa shi ya haifar da ɗaya daga cikin manyan fatauci na Afirka ta Yamma: shanu su gangara, goro ya hauro.

Jirgi ya ɗauki wasu, amma da yawa a ƙafa suke tafiya, fiye da kilomita 1,000 daga Kano zuwa Ikko, ta Zariya da Jebba da Ilori da Ibadan. Tafiyar makonni ce. 'Yan kora na kwana a daji, suna lallaɓa dabbobin, domin duk kwanan da aka ƙara a cikin kurmi saniya na ramewa, kuma sammore na jiran ta. Wanda ya iso kasuwa ba shi da damar jira. Dole ya sayar da wuri, kuma mahautan da za su saya galibi ba su da kuɗi a hannu sai sun sayar da naman.

Yaya za a yi baƙo daga Katsina ya ba mahaucin Ibadan da bai taɓa gani ba bashin shanu, ya kuma tabbata za a biya shi? Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa wa Hausawa a 1916, ya rubuta littafi a kan haka a 1969. Amsar ita ce maigida. Bafatake zai sauka a gidan maigida, ya ci ya sha ya kwana. Dillalan maigida su sayar da shanun bashi ga mahautan da suka san halinsu. Idan mahauci ya ci amana, maigida ne zai biya daga aljihunsa, shi kuma mahaucin an rufe masa kasuwa har sai ya biya. Dukiya mai yawan gaske ta riƙa zagayawa tsakanin Arewa da Kudu ba tare da banki ko kotu ko sa hannu ba. Jarin maigida sunansa ne.

Yau tirela ta karɓi aikin 'yan kora. Daga Potiskum da Maigatari da Wudil da Mai'aduwa da Illela ake lodi, kwana biyu ko uku a sauke a Legas ko Fatakwal. Amma har gobe idan ka shiga Zango za ka ga dillali ya kama hannun mai saye suna magana ƙasa-ƙasa, a ƙarshe a ce "Allah ya sa albarka", kuma wannan kalma ta ɗaure ciniki. Da 'yan kasuwar shanu da kayan abinci suka dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki a farkon 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, kowane ɓangare ya ji a jikinsa: can nama ya yi tsada, nan kaya suka yi kwantai.

Inda igiya ta fara tsinkewa

Mu dawo gida, tsakanin gona da ruga. Tsohon tsari mai sauƙi ne. Da damina makiyayi ya nisanci shuka, ya bi burtali zuwa mashaya. Da kaka, bayan an kwashe amfanin gona, manomi da kansa ke zuwa ya roƙi Ardo a sauke masa shanu a gonarsa. Su ci kara da harawa, su bar masa taki. Wani har dami yake bayarwa a kan haka. Matar ruga ta kawo nono ta koma da gero. Idan saniya ta yi ɓarna, dagaci da Ardo su je su duba, a yanke diyya. Kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita: an yi faɗa, an yi zalunci, an sha kai ƙara gaban alƙali. Amma kowane ɓangare yana bukatar ɗayan, kuma akwai wanda ake jin maganarsa.

Abubuwa da dama ne suka taru suka kwance wannan tsari. Na farko yawan jama'a: ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da ɗoriya, yau mun haura miliyan 200, ƙasa kuwa ba ta ƙaru ba. Gona ta ci saura, ta ci burtali. Na biyu takin zamani, wanda gwamnati ta riƙa sayarwa da rahusa tun shekarun 1970, ya sa manomi ya daina ganin kashin shanu da daraja irin ta da. Na uku noman rani: injin ban ruwa ya mayar da fadamu, waɗanda su ne mafakar shanu da bazara, gonakin tumatir da albasa. Na huɗu, manomi ya mallaki nasa bijiman, don haka kara da harawa suka zama kayan sayarwa. Ga kuma farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 da suka tura garkuna kudu.

Gwamnatin Jihar Arewa ta hango matsalar. A 1965 ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. An ware fiye da 400 a kan takarda, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka tabbatar da su a doka, kuma da yawa daga cikinsu gonaki da gidaje sun cinye su. Ladduga da ke ƙasar Kachia a jihar nan tana cikin 'yan kaɗan da suka rayu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnoni, wanda ya iya zirga-zirgar ofis ya samu takarda, mai bin saniya kuwa bai san ma ana rabo ba.

Sai kuma jangali. NEPU ta yi shekaru tana yaƙi da haraji da jangali saboda wulaƙancin da ake yi wa talaka wajen karɓarsu, kuma a 1979 gwamnatocin PRP na Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano suka sanar da soke su. An yi murna, kuma murnar tana da dalili. Amma akwai abin da ya tafi tare da jangali wanda ba a maye gurbinsa ba. Takardar jangali shaida ce cewa hukuma ta san ka, ta san yawan shanunka da inda kake sauka. Hakimin da ke samun kuɗi daga garke yana da dalilin tsare burtali. Da kuɗin ya tsaya, makiyayi ya zama baƙon da ba a cin komai da shi, sai ranar da ya shiga hannu a tatse shi. Ba ina cewa a dawo da jangali ba ne. Ina cewa an cire ƙaya, amma ba a sa magani a raunin ba. Hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989, mai hedikwata a nan Kaduna, ta zo ne bayan an riga an bar tsara guda a baya.

Sauran labarin mun gan shi da idonmu. Satar shanu a dazukan Birnin Gwari da Zamfara da Katsina, wadda makiyaya ne suka fara ɗanɗana ta kafin kowa. Matasan da aka raba da garken gado suka zama abin ɗauka ga masu bindiga. Ƙauyukan manoma da aka ƙona, gonakin da aka daina zuwa, hanyoyin da aka daina bi. Babu wani tarihi da zai wanke wanda ya kashe rai ko ya sace mutum. Amma wanda ya ƙi sanin mafarin ciwo, zai daɗe yana shafa magani a inda ba nan ne ba.

Abin da ya rage a hannunmu

Ƙidayar dabbobi da aka yi ta jirgin sama da ta ƙasa a 1990 ta nuna Nijeriya na da shanu kusan miliyan 14. Tun daga nan galibi kintace ake yi. Sarki Kutumbi ya san adadin da ya karɓa daga kowane dangi, malamin jangali ya san na gundumarsa, mu masu kwamfuta muna lalube. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta musamman. Ana maganar killace dabbobi, da noman ciyawa, da inganta iri. Duk suna da kyau, kuma kiwo dole ya sauya kamar yadda ya sha sauyawa. Sai dai tarihin da muka bi ya nuna cewa abin da ya riƙe wannan dukiya shekaru ɗaruruwa shi ne yarda: tsakanin mai aro da mai bayarwa, tsakanin bafatake da maigida, tsakanin dagaci da Ardo. Shingen waya ba ya haifar da ita. Inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha.

Bayan Sallah na koma shagon dattijon nan na sake tambayarsa. A wannan karon ya ba ni amsa. Ya ce bayan rasuwar mahaifinsu, ɗan Bafillacen nan ya zo har gida, ya lissafa musu shanunsu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, da wadda ta mutu da wadda ta haihu. Suka ce ya ci gaba da riƙo. Shekaru bayan haka, wata rana ya sake zuwa, ba sanda a kafaɗarsa. An kore garken duka cikin dare, nasa da nasu. Ya zauna a zaure ya kasa ɗaga kai, yana cewa ya zo ne a yafe masa amanar da ta salwanta a hannunsa.

"Me kuka ce masa?" na tambaya.

Ya ce, "Me za mu ce? Mu goma muka rasa, shi ya rasa duka. Sannu muka yi masa."

Ya ce mutumin yana gadi yanzu a wani gida a cikin gari. Sannan ya jawo littafin watanda, ya buɗe shafin bana, ya nuna mini wani suna a can ƙasa. Babu adadin kuɗi a gabansa. Duk shekara ana fitar masa da kashi ɗaya.